Modem Mai Ƙaho Huɗu

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

A sani, wanda ya ji kuma ya sanar da wanda bai ji ba, tun daga bakin babban kanal har zuwa iyakar Bunkure, cewa ni Muhammadu Sani, tsohon akawun ma'aikatar ban ruwa, wanda ya yi ritaya daga aiki amma bai yi ritaya daga tunani ba, yau na tuɓe modem ɗin gidan nan daga karagar mulki. Laifinsa nawa, wato jinkiri. Na yi masa uzurin da ake yi wa tsohon jaki. Na ɗora shi a kan taga, na ɗora shi a kan randa, na rataye shi a reshen darbejiya kamar laya, hali dai yana nan. Duk wanda ya karanta tarihi ya san jinkirin saƙo ya ci dauloli fiye da yadda takobi ya ci. Rumawa sun shimfiɗa hanyoyi don manzo ya yi sauri, sarakunan Bagadaza sun yi kiwon tantabaru, ni kuwa an bar ni da wani ɗan abu kamar sabulun wanka, wanda in ka tambaye shi labarin duniya sai ya zana maka da'ira a fuskar waya ya yi ta juya ta.

Mai ɗakina Indo ta saurari sanarwar tana tsintar shinkafa.

"Malam, shi wanda aka tuɓe ɗin ya ji?"

"Zai ji a hankali, kamar yadda ya saba."

Dalilin tuɓewar na ilimi ne. Ina da rubuce-rubuce da ke jiran bincike. Akwai kuma wani ƙaramin dalili da ban ga amfanin faɗaɗa shi ba. Surukina Abdulsamad ya kira jiya daga Masar, ya ce likitoci sun tsayar da ranar aikin tiyata, Alhamis ta ƙarshen wata, kuma mutuniyar ta ce kafin a shiga da ita tana so ta ga fuskokinmu, murya kaɗai ba ta ishe ta ba. Mutuniyar Masar nake nufi. 'Yar fari ce, saboda haka ba za a sami sunanta a shafukan nan ba, kamar yadda ba a taɓa samunsa a bakina ko a bakin uwarta ba. Haka muka taras, haka za mu bari.

Na ce masa to.

Talata, 3 ga Satumba, bayan Azahar

Da'irar tana juyawa. Tuɓewa ba ta raba mai hali da halinsa.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Magariba

Na je birni na dawo da magaji.

A kasuwar waya na sauka shagon Mika'ilu, ɗan wani tsohon abokin aikina. Yaron kirki ne, sai dai iliminsa bai wuce abin da ya gani da ido ba. Ya jero mini ƙananan modem iri-iri, duk dangin tuɓaɓɓe, kamarsu ɗaya kamar 'ya'yan kaza. Ina cikin kawar da kai sai idona ya faɗa kan wani baƙin akwati can saman kanta, mai ƙaho huɗu a miƙe kamar ragon da Allah ya yi wa ƙari.

"Sauko mini da wancan."

"Baba, wancan ba naka ba ne. Cikin kayan gwanjo ya zo daga Turai. Ba ya cin sim. Layin tarho yake sha, irin na da, na jan ƙarfe."

"Sauri fa?"

"A can ƙasarsu dai an ce kamar walƙiya."

Na yi murmushin da nake tanadi don irin wannan rana. Gidana na tsohon kwatas ne, wanda aka gina wa injiniyoyi lokacin da ake haƙa kanal. Har yau baƙin tarhon yana falo, Indo ta lulluɓe shi da saƙa, kuma wayarsa tana nan ta fita ta saman taga ta hau falwaya ta nufi gabas.

"Yaro, ina da layi."

"Layin yana aiki, Baba?"

"Jan ƙarfe ba ya mutuwa. Barci yake yi."

"Ai ko ya farka sai in akwai mai amsawa a ɗaya bakin."

"Kowace igiya tana da ɗaya baki, Mika'ilu. Wannan ko ɗan akuya ya sani."

Ya ɗaure mini akwatin yana cewa shi dai kada gobe a ce bai faɗa ba. Na rungumo shi a kan cinya tun daga birni har gida, ban yarda an sa mini shi a but ɗin mota ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

An yi naɗi. Na cire wayar daga gindin baƙin tarho na soka ta a bayan sabon sarki, na haɗa shi da wutar sola, na yi bismilla. Fitila ta farko ta kama, koriya shar. Ta biyu, wadda ita ce ta layi, ta fara ƙyaftawa. Na bayyana wa Indo cewa gaisawa suke yi da hedikwata, kuma tsakanin manya gaisuwa takan yi tsawo.

Ana haka sai ga Datti. Taubashina ne, ɗan goggona, manomin shinkafa, mutumin da ba ya rufe baki sai in liman ya tayar da kabbara.

"Akawu, wane irin ƙwaro ne ya mutu maka a tebur ƙafafu sama?"

"Baƙauye, cire takalmi, kana gaban ilimi."

"Ilimin ne ke kashe mini ido ɗaya haka? Ka ce masa ina da aure."

Na yi masa bayani daidai ƙarfin ƙwaƙwalwarsa. Ya bi wayar da ido daga bayan akwati zuwa taga, daga taga zuwa falwaya. Ya buɗe baki har na ga gurbin haƙoransa, ya dubi Indo, ya dube ni, sai ya rufe. Wannan abin mamaki ne da ya cancanci a rubuta shi.

Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce wa Indo, "Ya mai jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Ni a lokacin ina nazarin silin. Yana buƙatar fenti.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Tana ƙyaftawa.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Na lura da wani abu mai ƙarfafa gwiwa. Kowace safiya da kowane yammaci wayar tana rawa a saman taga, wani lokaci har ta buga gilashi. Babu shakka saƙo ne yake ƙoƙarin shigowa, tsufan hanya ya sa yake tuntuɓe.

Indo ta daka kuka, ta shanya kuɓewa, ta haɗa da daddawa ta yi ƙulli, wai ko za a sami mai zuwa Masar. Babu mai zuwa Masar daga garin nan, sai in ruwan kanal ne zai canza hanya. Ta ɗaure ƙullin ta kwance, ta sake ɗaurewa. Gidan duk ƙamshin daddawa.

Ni kuwa ina karatu. An ce mutanen Masar sun iya fiɗa tun zamanin Fir'auna, hannunsu ya daɗe da faɗawa. Ban san abin da ya kai ni wannan babin ba, kan tarihin auduga na buɗe.

Laraba, 11 ga Satumba, da hantsi

Abdulsamad ya kira, kiran murya. Sabis ɗin gidan nan yana raba magana kamar mahaucin da ke jin haushin mai saye. Abin da ya iso kunnena shi ne, "jini," sai "sun ce," sai "kada ku," daga nan ɗif.

Indo tana tsaye a kaina da ludayi. "Kada mu me?"

"Kada mu damu."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na cike gurbin da hankali."

Ta koma madafi. Na ji tana wanke tukunyar da ta wanke ɗazu.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan Magariba

Ban ci tuwo ba. Laifin miyar ne, ba wani abu ba.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Datti ya daɗe yana cewa in hau mota in je Kura, can sabis kamar ruwan Agusta, in yi kiran in huta. Shawarar wanda bai san darajar bango ba ke nan. Mutum ba ya zama ya ƙura wa 'yarsa ta fari ido a tsakiyar tasha. Tun da aka yaye ta yayata Tambaya, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, a ɗakinta aka yi mata lalle. In ta zo gaishe ni takan durƙusa ta gai da bango, ni ma in amsa wa bango, kuma duk abin da ake buƙatar faɗa bangon nan ya isar da shi bai taɓa kai ƙara ba. Abin da nake nema bai da yawa. Ɗaki a rufe, labule a sake, daga ni sai Indo sai mai ƙaho huɗu.

Duk da haka yau na je Kura, amma fis ɗin lantarki na je saya.

Ina tsaye wajen masu injin casa, buhunan shinkafa jibge ta ko'ina, 'yan dako suna ta "hanya, hanya," sai waya ta ɗauki kuka a aljihu. Kiran bidiyo, sunan Abdulsamad. Na ɗaga kai. Ga mai shayin da ya san ni tun ina ofis, ga wasu dillalai biyu na garinmu, ga wata mata ta tsaya tana jiran in matsa ta wuce. Na riƙe wayar a tafin hannu kamar garwashi har ta gaji ta yi shiru.

Saƙo ya biyo baya. "Baba, yau ta ɗan sami ƙarfi ne shi ya sa muka gwada."

Da na dawo Indo ta tambaye ni labarin Kura, na ce cunkoso.

"Fis ɗin fa?"

Na laluba aljihu na dama, na laluba na hagu. Ba ta jira sakamakon binciken ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, da rana

Tana ƙyaftawa. Ni ma na ƙyafta mata.

Talata, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Tun da layi ya ƙi zuwa wurina, na yanke shawarar in je wurinsa. Na sa malafa, na ɗauki sanda, na fita bin waya kamar Turawan da suka zo neman inda Kwara ta nufa, bambancinmu kawai ni na san hanyar komawa gida.

Falwaya ta farko lafiya lau. Ta biyu kurciya ta yi sheƙa a kanta. Ta uku ta sunkuya kamar mai ruku'u, kuma daga ita zuri'ar ta ƙare. Wayar ta sauko ta ratsa bayan wani gida, inda na ga zanin wata baiwar Allah a shanye a kan hanyar sadarwar ƙasa. Na kau da kai na wuce. A gaba, wajen mashayar shanu, ta taɓa tsinkewa wani ya ƙulla ta, ƙulli mai kyau irin na makiyaya. Nan zuciyata ta fara ba ni wata shawara, na ƙi saurara. Wayar ta haye ƙaramin kanal a kan turaku, ta faɗa cikin shinkafa.

Daga nan gwangwanaye suka fara. Na madara, na tumatir, na kifi, kowanne da tsakuwa a ciki, a jere a jikin jan ƙarfena kamar tasbaha. Na bi su a kan kunya, ruwa yana shiga takalmina, har suka kai ni ga wata rumfa mai dogayen ƙafafu da tsani, irin ta masu gadin tsuntsu. Ɗaya bakin layin yana can sama, a hannun Datti.

Ya fizga. Gona ta ɗauki kacau-kacau daga wannan gefe zuwa wancan, garken tsuntsayen jan-baki ya tashi kamar hayaƙi.

"Sannu da zuwa, Akawu. Ka iso hedikwata."

"Datti, wannan dukiyar gwamnati ce."

"Gwamnati ta bar ta tun ina da haƙoran gaba. Igiyar leda kaka ɗaya rana ke cinye ta. Wannan kuwa gaskiyarka ce, ba ta mutuwa."

"Rawar da take yi a tagata safe da yamma fa?"

"Ni ne nake gaishe ka."

"Ka sani tun ran Juma'ar nan."

"Na sani."

"Ka yi shiru."

"Wallahi da dariya na shigo, har na tanadi ta kwana uku. Sai na ga kana goge ƙahonnin nan da gefen riga. Na ce a bar bawan Allah da abin gogewarsa."

Na gyara zaman malafata.

Na hau tsanin don in ga ƙarshen layin da idona, saboda bincike ba ya cika da ji kawai. Ina sa ƙafa a sama waya ta ɓarke da kuka a aljihu kamar akuya mai naƙuda. Saƙonnin kwanaki ne suke ture juna suna shigowa. Daga saman nan fili ne shimfiɗe har hanyar Kura, kana hango dogon ƙarfen sabis tsaye. Gidana kuwa a kwari yake, bayan tudun kanal. Datti bai taɓa sani ba, wayarsa ta maɓalli ce, ita da tocila duk ɗaya.

Cikin saƙonnin akwai hoto. Hoton gado ne da farin zani. Akwai taga a gefe. Hannun da ke kan zanin ya yi kama da na Indo, sai dai yanzu na Indo ya fi shi kauri.

Na mayar da wayar aljihu na ce wa Datti rana tana shiga mini ido.

"Rana tana bayanka, Akawu."

Sai ya juya ya yi ta fizgar waya da ƙarfi, alhali babu tsuntsu ko ɗaya a gonar.

Alhamis, 19 ga Satumba, da hantsi

Matsalar yanzu ta falsafa ce. Inda akwai bango babu sabis, inda akwai sabis babu bango. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwaya tana ruwa-ruwa, saboda haka kowace gona da rumfarta, kowace rumfa da mai ihu a kanta. Ko filin Idi bai fi wurin nan idanu ba.

Na nemi Datti ya roƙi maƙwabtansa su ba ni wuri na sa'a guda ranar da ake magana.

"Akawu, in aka bar shinkafa sa'a guda da safe sai dai a girbe kara. Je ka roƙi tsuntsayen, kai ne mai harsuna."

Ga kuma gwiwar Indo, wadda rabonta da tsani tun kafin a cire tarho daga aiki. Na yi mata bayanin halin da ake ciki a tsare, da gabatarwa da rassa. Ba ta bari na kai ga kammalawa ba.

"Ko kan giginya ne, a ɗora ni."

Tun da aka fara wannan lamari ba ta yi magana mai tsawon wannan a kansa ba.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan Azahar

Na je gonar Datti duba lafiyar dukiyar gwamnati, kamar yadda na je jiya da shekaranjiya. Saƙo ya shigo. An matso da ranar, jibi Litinin da safe. Ba su faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Na san dalilan da ke sa a matso da biki. Na sauran abubuwa ban karanta ba.

Fitilar tana ƙyaftawa. Na juya fuskarta ta kalli bango.

Lahadi, 22 ga Satumba, gab da Magariba

Tarihi ya san sarakunan da aka tuɓe aka kuma dawo da su, kuma ba a taɓa jin masu naɗi sun ba da haƙuri ba. Na tambayi Indo inda tuɓaɓɓe yake. Ta ɗauko shi daga cikin kwanon sha, cike da caji.

"Wa ya ba da izinin ciyar da shi?"

"Tuɓe shi ka yi, Malam, ba ka ce a kashe shi da yunwa ba."

Na yanko kamu biyu na jan ƙarfe daga saman tagata. A gona muka ɗaure ɗan sabulun a kan dogon gora da wayar nan, Datti ya kafa goran a ƙololuwar rumfa. Na tsaya a ƙasa, inda tabarma za ta iya shimfiɗuwa, na gwada. Sabis ya sauko mini kamar inuwa. Da'irar ta juya sau ɗaya ta ji kunya ta ɓace.

Datti ya leƙo daga sama. "Ka gani? Layinka ya yi aiki. Ɗaure abu dama shi ne baiwarsa."

Na shirya jawabin da zan gabatar gobe. A kan haƙuri ne, da misalai daga dauloli uku. Ba a ambaci kowa a ciki ba.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan Azahar, a gindin rumfa

Indo ta taka da ƙafarta. Ta karɓi sandata, ta ƙi hannuna, ta bi tudun kanal a hankali da ƙullin kukarta a hammata. Ban tambaye ta inda za ta kai shi ba.

Mun taras da fili ya cika. Hashimu, maƙwabcin gonar Datti, yana kan rumfarsa yana ihu. Na gaba da shi ma haka, har iyakar gani. Ummulkhairi mai koko ta kafa bokitinta a bakin kunya, taku kaɗan daga tabarmarmu. Gwangwanaye ta ko'ina. Na ce a raina ko Rumawa ba su yi taro a hayaniya irin wannan ba.

Kiran ya shigo. Na amsa, don Indo tana kallon yatsana.

Abdulsamad ya gaishe mu, ya juya wayar. An sa mata wata koriyar hula ta asibiti, irin wadda ba ta yi wa kowa kyau. A kan hular zan tsaya. Ta gaishe ni ido a ƙasa kamar yadda aka saba, sannan ta ɗago idon, wanda ba a saba ba.

Na gyara murya. "Haƙuri, in ji magabata..."

Indo ta dubi shinkafar Datti ta tambaye ta ko an tashi lafiya.

"Lafiya lau, Inna," in ji shinkafar, daga Masar.

Sai Indo ta ɗaga ƙullin nan ta kara shi a fuskar waya.

"Inna, har nan ina jin ƙamshin daddawar. Baba, wace ƙara ce wannan a bayanku?"

"Ma'aikatan sadarwa ne suke bakin aiki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Wani hannu mai safa ya kama ƙarfen gadon, fitilun silin suka fara tafiya a bayan kanta. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai hoton ya daskare a haka, baki a buɗe, ido a kaina. Da'irar ta fito a tsakiyar fuskarta ta fara juyawa.

Na taɓa gilashin. Na girgiza wayar. Na ɗaga kai na dubi goran. Tana juyawa. Daulolin nan uku na neme su na rasa.

Abin da ya biyo baya kotu ce za ta duba shi. Abin da zan iya rubutawa shi ne wata murya ta fita, wadda shaidu suke danganta ta da ni, kuma tsuntsaye sun tashi daga gonar Datti har ta Hashimu ba tare da kowa ya taɓa waya ba.

Rauda!

Ga shi na rubuta. Alƙalamin bai karye ba.

Da'irar ta ɓace. Gadon yana tafiya.

"Na'am, Baba." "Sake faɗa, sabis ya yanke."

Hoton a lokacin tsaf yake, har ƙyaftawar idonta ina gani. Na sake faɗa. Indo ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma daga ƙarƙashin mayafin na ji an faɗe shi a karo na uku, da ƙaramar murya. Sai wata ƙofa mai ganye biyu, sai fuskar Abdulsamad.

"Baba, sai addu'a."

Babu wanda ya dube ni a filin nan. Kowa ya tashi haiƙan yana korar tsuntsayen da suka riga suka tafi. Ummulkhairi ta zuba koko ta ajiye a gaban Indo ta koma wurin bokitinta.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Babu labari tukuna. Datti ya miƙo mini bakin wayar gwangwanaye. Ina ja.

Litinin ɗin dai, gab da Magariba

"An fito. Ta buɗe ido. Ta ce a tambayi Inna kukar ta bana ce ko ta bara."

Na karanta wa Indo saƙon Abdulsamad. Ta ce, "Ji 'yar nema, ni zan ba ta ta bara?" Sai ta ajiye ƙullin ta kai goshi ƙasa a kan tabarma, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu. Na bi bayanta. Datti ya sauko daga rumfa ya bar wa jan-baki abincin yamma, abin da bai taɓa yi ba ko ranar sunan ɗansa.

Talata, 24 ga Satumba, da hantsi

A sani, wanda ya ji kuma ya sanar da wanda bai ji ba, cewa kotun gidan nan ta zauna yau a falo, ƙarƙashin jagorancina, ta yanke hukunci kamar haka. Mai ƙaho huɗu an sallame shi ba tare da zargi ba, an ba Indo ta yi masa saƙa ya zauna kusa da baƙin tarho, su yi hirar Turai da zamanin da. Tuɓaɓɓe an mayar masa da rawaninsa, zai ci gaba da mulki daga saman gora har a yi girbi.

Sai ƙara ta ƙarshe. An gurfanar da Muhammadu Sani, tsohon akawu, bisa tuhumar kiran sunan 'yar fari da ƙarfi, a fili, sau biyu, a gaban manoma da mai koko da tsuntsaye. Wata da ake zargi da taya shi an nemi shaida a kanta ba a samu ba, mayafi ya rufe. Shi kuwa kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tarar goro guda ga Datti, da fankon gwangwanin madara ɗaya, da tsakuwarsa a ciki, wanda zai rataya da hannunsa a jikin layi.

Da aka tambaye shi ko yana da abin cewa, mai laifin ya ce an shaida masa za a kira anjima bayan La'asar, kuma yana roƙon kotu ta tanadi wani gwangwanin.